Ina Yaranmu Za Su Yi Wasa? Halin Da Ake Ciki A Agiye, Gazawa Da Gidan Rumji

Da an idar da sallar la'asar, rana ta ɗan yi sanyi, sai lungunan garin Gazawa su cika da ƙananan yara. Wani na gara tsohuwar tayar babur da ɗan kara, wani na jan motar gwangwani da zare, 'yan mata uku sun durƙusa gindin katanga suna carafke da tsakuwa. Can gaba kuma an jera takalma a tsakiyar hanya, su ne raga, ana ta buga ƙwallon tsumma.

Wasan ba ya nisa sai an tsaya. Ɗan kabu-kabu ya danno, a kwashe takalma a ba shi hanya. Ya wuce, a mayar, sai ga amalanken shanu ɗauke da buhunan aya. Wata uwa ta leƙo daga zaure tana ƙwala kira a maido mata da autanta, kada ya bi yayyensa bakin kwalta.

Haka lamarin yake a Agiye da Cadawa da Tibiri da Gidan Rumji. Garuruwan sai faɗaɗa suke yi, sababbin unguwanni na tsirowa inda ake noma a da, amma da wuya ka ga wurin da aka kewaye aka ce wannan na yara ne, kowa ya kawo nasa. Abin da ya rage wa yaro shi ne titi, ko kangon da mai shi bai tashi gini ba, ko bakin kududdufi.

Yara sun fi kowa yawa

Ƙidayar jama'ar da aka yi a Nijar a 2012 ta nuna jihar Maraɗi ce ta biyu a yawan mutane, bayan Damagaram, kimanin miliyan 3 da dubu 400. Gundumar Gidan Rumji kaɗai tana da sama da mutum dubu 500, Agiye kusan dubu 250, ita kuwa Gazawa, wadda aka cire daga Agiye ta zama gunduma a 2011, kimanin dubu 160.

Wajen rabin al'ummar ƙasar yara ne da ba su cika shekara 15 ba. Idan aka auna da wannan, tun a wancan lokaci gundumomin nan uku na da yara fiye da dubu 400, kuma sun ƙaru ƙwarai daga baya. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi kan haifi 'ya'ya takwas a matsakaicin lissafi, adadin da ya zarce na ƙasa baki ɗaya.

Ke nan masu rinjaye a garuruwan nan su ne waɗanda ba a tuna su idan an zauna rabon fili. Kasuwa na da nata wuri, tasha na da nata, mahauta da masu sayar da dabbobi duk an san inda suke. Yaro ɗan shekara huɗu ba shi da wakili a wurin zaman.

Da can akwai dandali

Bahaushe bai taɓa rasa wurin wasa ba. Kowane gari na da dandali, yawanci kusa da ƙofar maigari ko gindin wata babbar tsamiya ko kuka. Da farin wata, bayan an ci tuwo, 'yan mata su yi da'ira suna gaɗa, samari su kama langa: kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, 'yan gefe guda na kare wanda suka sa ya zama "ruwa" har ya kai gida, abokan karawa na neman kayar da shi.

Ƙanana kuma suna gefe suna kokawa cikin rairayi. Daga irin wannan rairayi ne jihar ta fitar da Yakuba Ango Kantu, wanda ya ci gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa a 1975, wanda kuma filin kokawar birnin Maraɗi ke ɗauke da sunansa a yau.

Dandali ba a sake yake ba. Akwai sarkin samari, akwai manyan 'yan mata masu tsawatarwa, ga dattawa zaune a kan tabarma ba nisa. A zamanin Janar Saini Kunce, bayan 1974, gwamnati ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya ta ba su matsayi a kowane gari da unguwa, abin da ya ƙara wa dandali ƙarfi na wani lokaci.

Abubuwa da dama ne suka taru suka rage masa armashi. Wa'azin da ya yawaita a kan cakuɗuwar maza da mata da dare ya sa iyaye da yawa janye 'ya'yansu. Gidajen kallo da talabijin, daga baya wayar hannu, sun ɗauke hankalin samari, waɗanda suka koma zaman fada da shan shayi. A yankunan da ke kusa da iyaka kuma, tsoron 'yan bindiga ya sa ana rufe ƙofa da wuri. Manya sun sami abin da ya maye musu dandali. Ƙananan yara ne aka bari ba tsuntsu ba tarko.

Ina filayen suka tafi?

A ƙa'idar tsara gari, duk lokacin da hukuma za ta yanka sabuwar unguwa, akan ware wani kaso domin amfanin jama'a: makaranta, gidan likita, masallaci, kasuwa da filin shan iska. A kan takarda wuraren suna nan.

Matsalar ita ce, a cikin jerin nan filin shan iska ne ba shi da mai tsaya masa. Makaranta na da malamai da iyayen yara, masallaci na da liman da jam'i. Fili kuwa in ya shekara biyu ba katanga ba bishiya, sai ya zama juji. Daga juji wani ya kafa rumfar sayar da fetur a kwalba, wani ya fara buga bulo. Ranar da aka matsu da kuɗi, sai a ce ai wurin ba ya amfanar kowa, a yanka shi a sayar. Jaridun ƙasar sun daɗe suna kokawa da irin wannan a Yamai, kuma ƙananan garuruwa ba su tsira ba.

A wannan yanki akwai ƙarin dalili. Kudancin jihar Maraɗi na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar, gonaki sun tsuke saboda rabon gado, har ba a iya barin gona ta huta. Inda magidanci ke neman inda zai shuka gero da wake, maganar a bar fili don yara su yi tsalle-tsalle tana iya zama abin dariya a kunnensa.

Ziyara ɗaya a shekara

Wannan ba ya nufin yaran ba su san lilo ba. Sun san shi, sai dai daga nesa. A manyan garuruwa akan sami makarantar renon yara mai zaman kanta da ta kafa lilo biyu da abin zamiya guda a harabarta. Da an tashi daga makaranta sai maigadi ya garƙame ƙofa, yaran unguwa su tsaya suna leƙe ta kafar ƙyaure.

Mai hali kuwa yakan jira Salla. Kashegarin idi sai a yi wa yara wanka, a sa musu sababbin kaya, a kama hanyar Maraɗi: kimanin kilomita 50 daga Gidan Rumji, fiye da 70 daga Agiye, daga Gazawa kuma ya fi haka. Kafin a isa wurin wasan, kuɗin mota ya riga ya ci rabin abin da aka tanada.

Wanda ya taɓa kai ƙananan yara irin wurin nan ranar Salla ya san yadda ake yi. A ƙofa ana turereniya, uba ya saɓa ƙaramin a kafaɗa, ya riƙe hannun mai bi masa, babbar kuma ta kama gefen rigarsa. A ciki layi ne a gaban kowane lilo. Yarinyar da ta kwana tana ɗoki, da aka ɗora ta aka tura sau ɗaya, sai ta ƙanƙame sarƙa ta fashe da kuka a sauke ta. Ta koma gefe ta zuba wa sauran ido. Can ta ja hannun babanta a mayar da ita, wannan karon kuma ba ta yarda ta sauka ba sai da mai kula da wurin ya ce lokacinta ya cika.

Abin zamiyar na ƙarfe ne, ya sha rana tun safe. Yaro mai gajeren wando yana zama a kai zai yi zumbur ya miƙe. Uwaye na tsaye da goyo don babu wurin zama, babu inuwa, ga masu sayar da ruwan leda da alewa sun kewaye su. Kafin magariba an fito, kowa ya yi buɗu-buɗu, takalmi ɗaya ya ɓace. Yaran za su yi wata guda suna ba abokansu labari, sannan su jira wata shekara.

Manyan birane ma haka abin yake. A Yamai iyaye kan yi tururuwa da yara zuwa Gidan Tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, a Kano kuma zuwa gidan namun daji na Audu Baƙo. Cunkoson da ake gani a wuraren nan ranar Salla shi ne shaidar cewa buƙatar tana nan, wurin biyanta ne ya yi ƙaranci.

Abin da rashin ke jawowa

Na farko shi ne hatsari. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Difa, ta ratsa Gidan Rumji da Cadawa da Agiye da Gazawa, manyan motoci na bin ta dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya.

Na biyu ruwa ne. Ramukan da ake haƙa don ɗibar ƙasar gini kan cika da damina su zama kududdufai, ga Gulbin Maraɗi da ke bi ta Tibiri da Gidan Rumji. Yaron da ba shi da wurin zuwa, nan zai nufa. A daminar 2024, wadda ta zo da ambaliya mai tsanani, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka a ƙasar.

Na uku ba a ganinsa da ido nan take. Iyayen da suka ji tsoron titi sukan kulle yaro a gida su miƙa masa waya ya yi shiru. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ta kuma ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu na buƙatar motsa jiki na aƙalla awa uku kowace rana.

Likitocin da ke kula da yara masu tamowa, cutar da jihar nan ta sha fama da ita musamman a yunwar 2005, sun san wasa na cikin magani. Yana cikin matakan da hukumar ta tsara na jinyar yaron da tamowa ta yi wa mugun kamu. A wani bincike da aka fara a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1986, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar yaran da suka tsumbure mako-mako har shekara biyu, suna koya wa uwayensu yi musu wasa da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar abin da waɗannan yara ke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kimanin kashi 25 cikin 100.

Kowa da hujjarsa

Masu riƙe da ƙananan hukumomi suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Harajin da ake tarawa kaɗan ne, buƙatu kuwa sun yi yawa: ruwan sha, magudanai, azuzuwa. Har yanzu ba a manta da gobarar watan Nuwamba 2021 ba, wadda ta kashe ƙananan yara fiye da 20 a azuzuwan zana na wata makaranta a birnin Maraɗi. Inda yara ke karatu a rumfar kara, in ji masu wannan ra'ayi, ba a fara da lilo.

Wasu iyaye kuma na ganin wasa ɓata lokaci ne. Yaro na da makarantar boko da safe, allo ko islamiyya da yamma, ga ɗebo ruwa, ga kiwo, ga talla. Ga uwar da cefanen gidanta ya dogara da farantin ƙosai ko gyaɗar da 'yarta ke yawo da shi, awa ɗaya a filin wasa asara ce da za ta gani a tukunya.

Malaman addini da yawa ba wasan suke ƙi ba. Sukan kawo yadda jikokin Manzon Allah (SAW), Hasan da Husaini, suke hawa bayansa yana salla ba ya tsawata musu, da yadda Nana A'isha take wasa da 'yar tsana tare da ƙawayenta. Abin da suke tsoro shi ne wurin da babu mai sa ido, wanda da dare zai koma mashayar ƙwaya. Wannan tsoro na da tushe, don an ga filayen da suka zama haka.

Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya kuwa suna tuna wa hukuma alkawarin da ta ɗauka. Nijar ta amince da Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, kuma sashe na 31 ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ma ta faɗi haka a sashe na 12. Kowace ranar 16 ga Yuni ana taruwa a yi jawabai albarkacin Ranar Yaran Afirka, kashegari yaran su koma titi.

Darasin 'yan gudun hijira

A 2019 dubun-dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji don guje wa 'yan bindiga, akasarinsu mata da yara. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar sun matsar da wasunsu nesa da iyaka, zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori.

Cikin abubuwan da ƙungiyoyin agaji suka fara yi har da kafa wuraren wasa na yara: rumfa, tabarmi, ƙwallo, igiyar tsalle, da wasu matasa da aka horar su kula da su. Dalilinsu shi ne yaron da ya ga tashin hankali, wasa da 'yan uwansa ne ke fara kwantar masa da zuciya. Yaran garin da suka karɓi baƙin ma sun amfana.

Abin lura biyu ne. Kayan da aka yi amfani da su ba masu tsada ba ne. Amma irin waɗannan wurare suna tafiya ne da kuɗin agaji, wanda ke da ranar ƙarewa. Abin da gari bai mallaka da kansa ba, ba ya daɗewa.

Agiye ta riga ta nuna hanya

Masu cewa mutanenmu ba sa iya tsare kayan jama'a, su je ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agiye. Bayan fari da yunwar shekarun 1970 da 1980, gonakin yankin sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. Manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi maimakon a sare. Da taimakon wani shiri na asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙauyukan suka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa maza da mata da makiyaya, suka sa doka da tara a kan mai saran itacen wani.

Sakamakon ya kai kunnen duniya. An ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Jama'ar da ta iya tsare gawo da kalgo a dawa, inda babu katanga babu maigadi, ba za ta gaza tsare ɗan fili guda a tsakiyar unguwa ba.

Kuma ba sai an jira injinan lantarki daga ƙasashen waje ba. Filayen wasan yara na farko a birnin Boston na Amurka, a tsakiyar shekarun 1880, tulin yashi ne kawai aka zuba, dabarar da aka koyo daga Jamus. A 1943 aka buɗe wani fili a birnin Kopenhagen na Denmak wanda ba a sa komai a ciki ba sai katako da tarkacen gini, yara na ƙera abin da suka ga dama. Yashi kuwa Allah ya hore mana shi.

Me ake buƙata?

Abu na farko takarda ce: a auna filin, a kafa masa duwatsun iyaka, a rubuta shi da sunan unguwa, a ba mai unguwa da kwamitin iyaye kofe. Tun watan Afrilu 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, shugabannin riƙo ne aka ɗora wa wannan nauyi, kuma sa hannunsu ya isa a fara.

Na biyu inuwa. A yankin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, bishiyoyin bedi goma sun fi kowane kayan ƙarfe amfani, kuma a dasa su tun kafin a kawo lilo. Sai shinge don hana dabbobi da babura shiga, da rairayi mai laushi a ƙarƙashin duk abin da ake hawa, da dakalin da uwaye za su zauna, da randar ruwa.

Lilo da abin hawa, masu walda da kafintocin gari za su iya haɗa su da tsofaffin tayoyi da katako, su kuma gyara in sun lalace. Sai mai kula, dattijo ko dattijuwa da unguwa ta yarda da shi, a buɗe bayan la'asar a rufe da kiran magariba. Wannan kaɗai ya amsa damuwar malamai. A ware sashen ƙanana dabam, don kada samari masu ƙwallo su mamaye wurin su kori 'yan mata da ƙannensu.

Inda fili ya riga ya ƙare, harabar makarantun gwamnati na nan a buɗe bayan an tashi, kuma kusan kowace makaranta na da kwamitin iyaye da malamai da zai iya ɗaukar ɗawainiyar. Attajiran yankin, waɗanda ba su gaza wajen gina masallatai da haƙa rijiyoyi ba, su ma ga wata ƙofar sadaka mai gudana.

Lilo ana iya sayensa baɗi ko baɗin baɗaɗa. Fili ne ba ya jira, don da zarar an zuba masa harsashin gini, ya tafi ke nan. Saboda haka kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Agiye da Cadawa da Gazawa da Gangara da Tibiri da Gidan Rumji, da sarakuna da masu unguwanni: kafin a sake yanka wata sabuwar unguwa, a fara fitar da rabon yara. Ku kuma iyaye, ku je ma'aikatar magajin gari ku nemi a nuna muku taswirar unguwarku, ku ga inda aka ware wa jama'a, ku tsaya a kansa tun bai zama gidan wani ba.